Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen abin zuba kaya ranar tashi daga gida

Tun daga shekarar 1996, lokacin da aka cire Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi aka mayar da mu ma'aikata 'yan asalin yankin gida, na sauya gidan haya har sau shida, na kuma taya 'yan'uwa da maƙwabta kwashe kaya ba adadi. Har yau idan na tsaya a ƙofar gidan da ake tashi, a Pantami ko Tudun Wada ko Bolari, ɓarnar da na gani a wancan lokaci ita nake sake gani. Mutum zai shafe mako guda yana ciniki da mai a-kori-kura, amma abin da za a zuba kayan a ciki ba a tuna shi sai daren tashi, a aiki yaro ya kwaso duk abin da ya samu a kantin bakin layi.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne zuba kayan fashewa a jakar Gana-mos-go. Wannan jaka mai layi-layi ta yi suna tun 1983, lokacin da aka kori baƙi 'yan Gana daga Najeriya, kuma amfaninta shi ne tana ɗaukar tufafi da yawa alhali ita kanta ba ta da nauyi. Ba ta da bango, ba ta da gindin da zai tsaya, saboda haka duk abin da aka ɗora a kanta, abin da ke cikinta ne ke ɗaukarsa. A tashinmu na farko daga Bauchi ni da kaina na jera tangaran ɗin maiɗakina a cikin irin wannan jaka, na sa zannuwa a sama da ƙasa, na ja zif, na ɗauka na gama aiki. Tafiyar kimanin kilomita 150 ce ta hanyar Alkaleri, kuma 'yan dako sun ɗora buhun masara a kan jakar ba tare da sun san abin da ke ciki ba. Da aka sauke ta a Gombe, ƙarar da ta yi kaɗai ta isa shaida. Maiɗakina ta buɗe, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, na Hajiya ne fa." Kayan ɗakin da mahaifiyarta ta yi shekaru tana tara mata ne, kuma ko da na sayi wasu daga baya, ba su maye gurbin waɗancan ba.

Daga ranar na ɗauki ƙa'idar da ban sake saɓawa ba. Tangaran da kofunan gilashi ƙaramin kwali mai kauri nake nema musu, irin wanda ake zubo madarar gwangwani a ciki, domin tun asali an yi shi ne ya ɗauki nauyi. Ina shimfiɗa tsohon zani a gindinsa, in naɗe kowane faranti shi kaɗai, in jera su a tsaye gefe da gefe, domin farantin da aka kwantar a kan ɗan'uwansa shi ke tsagewa idan mota ta faɗa rami. Kafin in rufe sai na girgiza kwalin. Muddin na ji motsi, zan ƙara cusa tsumma. Mutane da yawa jarida suke naɗewa da ita, ni kuwa na daina, saboda tawadarta tana kama farin kwano da murfin kula.

Babban kwali ma ruɗi ne. Na filo ne da bargo da labule. Wanda ya cika shi da littattafai, gindinsa zai ɓalle tun ba a kai zaure ba.

Kuskure na biyu shi ne raina ruwan sama. Kwali takarda ce, da zarar ya jiƙe ƙarfinsa ya tafi. Wata shekara a watan Agusta na yarda da maganar direba da ya ce mini, "Ranka ya daɗe, akwai tamfol," ban nemi in gan shi da idona ba. Hadari ya haɗu muna tsakiyar hanya, aka warware tamfol ɗin sai ga shi duk huji. Littattafan da na tara tun ina ɗalibi suka kumbura suka manne da juna, wasu kuma fumfuna ta cinye su. Yanzu tamfol nawa nake saya, littattafai kuwa sai na sa su a leda mai kauri kafin su shiga kwali. Takardun makaranta da na fili da na haihuwar yara ba sa hawa bayan mota ko kaɗan, suna cikin jakar da ke rataye a kafaɗata. Sai dai leda ma tana da nata sharrin: wanda ya naɗe katifa ko darduma da sauran danshi a jikinta, ya bar ta kwana biyu a ƙulle, zai buɗe ya tarar da wari da baƙin tabo.

Akwai kuma wani ganganci da ba zan yi masa sassauci ba. Haba jama'a, yaya magidanci mai hankali zai juye garin tuwon iyalinsa a buhun da aka zuba taki, ko ya ɗura man gyaɗa a jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi, wai don an ɗauraye ta? Garinmu garin manoma ne, irin waɗannan buhuna da jarkoki suna ko'ina kuma kyauta ake samunsu, shi ya sa hannu ke saurin kaiwa gare su. Roba tana riƙe guba, ɗauraya ɗaya ko biyu ba ta fitar da ita. Kuɗin sabon buhu bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Kwalin sabulu da na omo ma a nisanta su da abinci, domin shinkafa da gari suna ɗaukar ƙamshin.

Sauran ƙanana ne. Tsohon kwalin da ya daɗe a sito a kakkaɓe shi a shanya a rana, in ba haka ba da kyankyasai za a tare. Siririn salatif na ofis ba ya riƙe kwali, mai faɗin ake saya, kuma a lokacin hunturu a goge ƙura kafin a liƙa. Inda igiya za ta bi ta kan gado ko kujera a sa guntun kwali, kada ta ci katakon. Rubutu a gefen kwali ake yi, domin samansa wani kwalin ne zai rufe shi. Firji a tsaye yake tafiya, kuma a bar shi ya huta wasu sa'o'i kafin a jona shi da wuta. Talabijin da madubi su ma a tsaye, tsakanin katifu biyu.

Manja da kananzir kuwa, ina sa leda a bakin jarkar kafin in murɗa murfin, sannan in zaunar da ita a cikin bokiti a can ƙarshen mota, nesa da buhunan abinci da jakar tufafi.