Darasi na Tara: Karanta Lokaci a Agogo Mai Lambobin Romawa

Akwai agogon bango da na hannu masu yawa waɗanda idan kuka dubi fuskarsu ba za ku ga 1, 2, 3 ba, sai haruffa irin su I da V da X. Waɗannan su ne lambobin Romawa, wato mutanen tsohuwar daular da hedkwatarta take birnin Rum a ƙasar Italiya ta yau. Haruffa uku kacal mai duba agogo yake bukatar ya riƙe: I ɗaya ce, V biyar, X goma. Idan I ta biyo bayan V ko X sai a ƙara, shi ya sa VI take shida, XII kuma goma sha biyu. Idan kuwa ta zo kafinsu sai a rage, shi ya sa IX take tara.

Bisa wannan ƙa'ida IV ce huɗu, amma a yawancin agogo za ku tarar an rubuta IIII a gurbin ƙarfe huɗu, kuma kada wanda ya ɗauka kuskure ne ko alamar jabu, domin manyan kamfanoni irin su Rolex da Cartier ma haka suke yi. Su kansu Romawa sun riƙa rubuta IIII, kamar yadda ake gani a lambobin ƙofofin babban filin wasansu na Kolosiyam. Ana ganin masu ƙera agogo sun riƙe wannan tsari ne saboda yana daidaita fuskar agogon: IIII mai faɗi a ɓangaren dama tana fuskantar VIII mai faɗi a ɓangaren hagu, sai ido ya ga nauyin ya zo ɗaya. Har ila yau lambobin sukan kasu gida uku daidai wa daida, huɗu na farko da I zalla, huɗu na tsakiya da V, huɗu na ƙarshe da X. Duk da haka ba doka ba ce, domin agogon nan na majalisar dokokin Birtaniya da ke Landan, wanda ake kira Big Ben kuma ya fara aiki a 1859, IV yake ɗauke da ita.

Inda masu koyo suka fi rikicewa, a ganina, shi ne ƙasan agogon. Sau da yawa akan jera lambobin ƙafafunsu na kallon tsakiya, don haka V da VI da VII sukan fito a kife, kai a ƙasa, har mutum ya ga VI ya ɗauke ta IV. Maganin wannan shi ne ku dogara da gurbi fiye da harafi, tun da shida kullum tana ƙasa, goma sha biyu tana sama, uku tana dama, tara tana hagu.

Yanzu kowa ya zana da'ira a littafinsa, ya fara sa XII da III da VI da IX a guraben nan huɗu, sannan ya cike sauran. Ku sa gajeren hannu tsakanin IIII da V, dogon hannu a kan VI, ku faɗa wa na kusa da ku ko ƙarfe nawa ne.