Darasi Na Tara: Idan Intanet Na Jan Ƙafa A Kwamfutar Tebur

An biya kuɗin intanet na wata, amma fayil ɗaya ya shafe awa guda bai gama sauka ba. Kafin a ɗora wa kamfani laifi, sai a gano inda matsalar take. Ko dai layin da ya shigo gida ne, ko rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ko kuma ita kanta kwamfutar.

Ku fara da awo. Ku buɗe Fast.com ko Speedtest.net, nan da nan za ku ga lamba, a gefenta an rubuta Mbps, wato megabit a kowace daƙiƙa. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Kamfani da megabit yake sayar da gudu, ita kuwa kwamfuta idan tana sauke fayil galibi da megabait take ƙirgawa, wato MB/s, megabait a kowace daƙiƙa. Bit 8 ne ke yin bait 1. Ke nan wanda ya sayi 40 Mbps ba zai ga sama da 5 MB/s ba, kuma fayil mai gigabait 1, wato megabait 1000, zai ci minti 3 da ɗoriya. Idan abin da kuke gani ke nan, layinku lafiya lau yake.

Idan kuwa awon ya gaza abin da kuka biya nesa ba kusa ba, ku zare wayar rauta daga soket, ku ƙirga daƙiƙa 30, ku mayar. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Bai isa ba? To, ku samo kebul ɗin Ethernet, wato wayar intanet, ku haɗa kwamfutar da rauta kai tsaye, ku sake awo. A ganina duk darasin nan babu gwajin da ya kai wannan amfani. Idan gudu ya dawo, laifin Wi-Fi ne. Ku leƙa ƙarƙashin tebur: akwatin kwamfutar na ƙarfe ne, an manna shi da bango, 'yar eriyarsa kuma tana baya, a lungu, cikin tarin wayoyi. Ta ina siginar za ta shiga? Ku janyo akwatin ya fito sarari, ku ɗora rauta a wuri mai tudu. Yawancin rautocin zamani suna da zangon Wi-Fi biyu. Na 2.4 GHz ya fi nisan zuwa, amma ya fi cunkoso. Na 5 GHz ya fi gudu, sai dai bango na kashe masa ƙarfi. Tunda kwamfutar tebur ba yawo take yi ba, barinta a kan kebul ya fi.

Shi ma kebul yakan ba da matsala. Akwai siraran wayoyi 8 a cikinsa, kuma sai dukkansu na aiki zai kai 1000 Mbps. Ɗaya ta tsinke, yana iya komawa 100 Mbps, alhali daga waje ba a ganin komai.

Sai kwamfutar. A Windows, ku danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, wato shafin da ke nuna manhajojin da ke aiki, zai buɗe. Ku duba layin Network ku ga manhajar da ke shan data a ɓoye. Sau tari Windows Update ne, ko OneDrive, manhajar ajiye fayiloli a intanet, yana ɗora hotuna. Kada ku manta da sauran mutanen gida: famfo ɗaya ne kowa ke ɗiba, idan yara na kallon bidiyo a wayoyi uku dole naku ya ragu.

Idan an haɗa kebul, an kashe komai, amma lamba ba ta tashi ba, ku yi awo da safe da kuma da dare, ku rubuta sakamakon da lokacinsa, sannan ku kira kamfani da takardar a hannu.

Aikin gida

1. Wani ya sayi 80 Mbps. MB/s nawa zai gani idan yana sauke fayil?
2. Ku auna gudun intanet ɗinku ta Wi-Fi, ku sake aunawa ta kebul, ku rubuta lambobin biyu ku zo da su aji.