Yadda Na Rabu da Tsagewar Kan Nono

Alhamdulillahi! Sati 2 da haihuwa kan nonona ya tsage, da jaririyar ta kama sai hawaye. Man kaɗanya da jiƙon da Gwaggo ta aiko daga Argungu duk ba su yi ba.

A asibiti a Birnin Kebbi ungozoma ta ce, "'Yata, ai kan kawai take tsotsa."

Kamar yadda ta nuna min, na haɗa cikin jaririyar da nawa, na goga nonon a leɓenta na sama, na jira ta wage baki sosai, sannan na jawo ta (da can ni ke sunkuyawa). Ta haɗa har da baƙin da ke kewaye, haɓarta na taɓa nonon. Wajen cire ta kuwa, sai na zura ƙaramin yatsa ta gefen bakinta tukuna.

Kwana 4 ciwon ya lafa. Allah ya saka wa ungozomar da alheri.