Kurakuran da manya ke yi a ajin koyon zanen fenti, da yadda ake gyara su

Ranar Asabar ta farko da na je ajin zane, ina da shekara 47, na shiga da jaka cike da kaya: fenti kala 24, buroshi dozin guda, da ƙaton kanbas, wato ƙyallen da ake zane a kai, wanda da ƙyar ya shiga bayan mota. Malamin, wanda a haife na haife shi, ya duba kayan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Baba, yau baƙi da fari kawai za mu taɓa." Ya ɗauko ƙwarya ya kife ta a kan farin ƙyalle kusa da taga, ya ba ni guntun kwali da bai wuce tafin hannu biyu ba. Asabar uku muka yi a kan ƙwaryar nan. Raina bai so ba a lokacin, amma a makonnin nan uku na koyi abin da har yau nake cin gajiyarsa.

Abin da ya gani a tare da ni shi ne abin da ke damun kusan duk babban da ya zo koyon zane. Mun riga mun san abubuwa, kuma sanin nan yana shiga tsakaninmu da idonmu. Mun san ƙwarya ruwan ɗorawa ce, sama shuɗiya ce, ganye kore ne, farar riga fara ce. Sai mu ɗauki buroshi mu shafa abin da ke cikin kanmu, mu bar abin da ke gabanmu. Ka je ka tsaya ka dubi dattijo sanye da farar riga a gindin darbejiya da la'asar. Inda rana ta sauka a kafaɗarsa ne kawai fari, shi ma da ɗan sirkin rawaya. Sauran rigar toka-toka ce mai shuɗi, a ƙasa kuma jan ƙasar wurin ya haska ta ta koma ruwan hoda. In ka matso farin fenti ka cika rigar da shi, hoton zai fito kamar an yanko takarda an manna.

Don haka kuskure mafi girma shi ne bin launi kafin a koyi haske da duhu. Hoto yana tsayawa ne a kan yadda aka jera wuraren haske da wuraren duhu. In wannan ya daidaita, ko da ka zana ƙwaryar da shuɗi za a gane ƙwarya ce mai ciki da zagaye. In bai daidaita ba, duk tsadar fentinka ba za ta cece shi ba. Gyaran ba shi da wuya, sai dai yana son haƙuri. Ka haɗa matakai biyar daga fari zuwa baƙi a gefen farantin haɗa fenti, ka yi aiki da su kaɗai. Kafin ka sa komai, ka rufe idonka rabi ka dubi abin, ƙananan abubuwa za su ɓace, ya rage maka manyan fasali na duhu da haske. Waɗannan za ka fara sawa. Wayarka ma tana da amfani a nan: ɗauki hoton aikinka da na abin da kake zanawa, ka mayar da su baƙi da fari, ka jera su. Yawancin masu koyo sukan tarar duhunsu bai kai duhu ba, komai ya taru a tsakiya, saboda tsoron ɓata farin kanbas.

Wani kuma da ya ji an ce ya ƙara duhu, sai ya kai hannu kan baƙin fenti ya zuba a kowace inuwa. Inuwa ba baƙa ba ce, tana da launinta, kuma baƙi in ya shiga rawaya kore yake mayar da ita mai datti. Ka gwada shuɗin da ake kira ultramarin da ruwan ƙasa mai duhu, su biyun suna ba da duhu mai rai wanda za ka iya karkata shi wajen sanyi ko wajen ɗumi. In kana son rage ƙarfin ja, ɗan kore ake ɗiga masa, in shuɗi ne ruwan lemo, in rawaya ce shunayya.

Daga nan sai maganar taɓo. Kowane mai koyo ya san lokacin da ya yi ta haɗawa yana neman wani launi, ya ƙara wannan ya ƙara wancan, har abin ya koma kamar ruwan kwata. Dalili biyu ne galibi: an haɗa launi fiye da uku a wuri guda, ko buroshin bai fita ba. Ka ajiye gwangwanin ruwa biyu, ɗaya na wanki ɗaya na ɗauraya, da tsumma a hannun hagu. Sannan ka rage kalolin da ke gabanka. Anders Zorn, mai zanen ƙasar Suwidin da ya rasu a 1920, har yau ana kiran wani tsari da sunansa: fari, baƙi, ja, da rawayar ƙasa, kala huɗu ke nan, kuma ana fitar da fatar mutum da su. Kai da kake farawa, fari da shuɗi ɗaya da ja ɗaya da rawaya ɗaya da ruwan ƙasa sun ishe ka wata shida. Wanda ya haɗa korensa da hannunsa ya fi sanin kore a kan wanda ya matso shi daga kwalba.

Wajen sayen kaya mutane biyu ne, kuma duka sun kauce. Akwai wanda ya kwashe kanti kamar yadda na yi, akwai wanda ya sayi fentin 'yan firamare da takardar ofis yana cewa ai koyo ne. Na biyun ya fi ba ni tausayi, domin yakan ɗora wa kansa laifin da na takarda ne. Fentin ruwa a kan siririyar takarda, da zarar ta jiƙe sai ta kumbura ta yi tudu da kwari, fentin ya taru a kwarin. Ka nemi takardar da aka rubuta 300 a jikinta, nauyinta ke nan da giram a murabba'in mita ɗaya. Araha ba ta ado, amma a nan kaɗai nake cewa ka saki hannu. Fenti na matakin ɗalibai ya wadatar, kanbas kuma ba dole ba ne, kwali mai kauri ko falankin silin da aka shafa wa farin share fage sau biyu yana aiki. Kuma in ka saya, kada ka yi rowa. Na sha ganin mutum ya matso fenti kamar ƙwayar gero, yana ta jan sa da ruwa, sannan yana mamakin yadda hotonsa ya fito a koɗe.

Ƙaramin buroshi ma tarko ne. Babba ya saba da biro, sai ya riƙe buroshi can kusa da baki, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa allon, ya fara da sassaƙar jikin ƙwarya tun bai tabbatar da girmanta ba. Awa biyu ta wuce, sassaƙar ta yi kyau, ƙwaryar kuwa a karkace, kuma yanzu ba zai iya gogewa ba don yana jin asarar wahalarsa. Ka fara da buroshin da kake ganin ya yi maka girma, ka riƙe shi daga can baya, ka rufe duk fuskar allon cikin minti 20 na farko. Duk bayan ɗan lokaci ka ja da baya taku huɗu ko biyar. In akwai madubi ka dubi aikin ta cikinsa, karkatar da idonka ya saba da ita nan take za ta fito.

Akwai kuma abin da bidiyoyin YouTube ba za su gaya maka ba, domin yawancin masu yin su ba a ƙasarmu suke ba. Fentin akirilik dama can mai saurin bushewa ne, cikin 'yan mintuna, to a hunturu kafin ka gama haɗa launi na biyu na farkon ya yi fata. Ka samo roba mai murfi marar zurfi, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, ka ɗora takardar gashin kek a kai, ka matsa fentinka a nan. Da ɗan abin fesa ruwa a gefe, zai kai maka har gobe. Ka kuma sani akirilik yakan ƙara duhu in ya bushe, fentin ruwa kuwa haske yake ƙarawa, sai ka gwada a gefen takarda ka jira. Fentin mai yana kwanaki bai bushe ba, ƙurar hunturu kuwa ba ta barin sa, don haka in ka tashi ka jingina shi fuskarsa na kallon bango. Da damina kada ka ajiye kanbas a ƙasa ko jikin bango mai danshi, fumfuna takan kama shi ta baya. Haske ma haka: wanda ya fara da hasken safe ya ƙarasa da ƙwan lantarki da dare, hoto biyu ya haɗa a allo ɗaya.

Masu fentin mai su riƙe ƙa'ida biyu. Shafen farko ya zama siriri mai ƙarancin mai, na sama su fi maiƙo, in aka juya abin saman zai riga ƙasan bushewa ya tsattsage. Kuma ana sa fentin mai a kan akirilik, ba a sa akirilik a kan mai, ɓarewa yake yi. Tina, wato ruwan da ake sirka fentin mai da shi, da makamantanta ba a aiki da su a ɗaki rufe. Tsumman da ya sha man fenti kada a dunƙule shi a jefa a kwali, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa, a baza shi a waje ya bushe ko a jiƙa shi da ruwa. Kada a gyara bakin buroshi da leɓe, wasu launukan da sinadarai masu guba ake yin su, kuma a ɗaga su inda yara ba sa kaiwa.

Yanzu ajin kansa. Abin da ya fi cin manya a nan kunya ce. Mutum yana da iyali, ana gaishe shi a wurin aiki, ga shi a gaban yaro sa'an ɗansa yana kasa zana da'ira. Sai ya zaɓi kujerar lungu, in malam ya nufo shi ya kare allon da jikinsa. Wata Hajiya da muke aji ɗaya ta yi wata guda ba ta tambayi komai ba, sai ranar da malam ya tsaya a kanta ya ce, "Hajiya, in ban ga inda ya ɓaci ba, kuɗinki kawai nake ci." Daga ranar take kiran sa tun kafin ya zo, kuma ta wuce mu duka. Gemu ba ya hana ilimi. Winston Churchill na Ingila yana da shekara 40 ya fara, a 1915, ya kuma bar zane sama da 500. Tsohuwar nan ta Amurka da aka sani da Grandma Moses sai da ta haura 70 ta kama fenti gadan-gadan, bayan ciwon gaɓoɓi ya hana ta ɗinkin ado, ta rasu a 1961 tana da shekara 101.

Ka lura da irin ajin da za ka biya wa kuɗi. Wanda kowa ke bin malam layi bayan layi, a tashi da hoto iri ɗaya, nishaɗi ne mai kyau, amma ranar da aka ajiye maka tulu aka ce bismillah ba za ka san ta inda za ka fara ba. Ka nemi ganin aikin ɗalibansa, ba nasa kaɗai ba. In malam ya saba karɓe buroshi ya gyara maka a kan allonka, ka roƙe shi cikin ladabi ya nuna a wata takarda, domin gyaran da hannunsa ya yi ba ya zama a naka. Malamai ba su yi ƙaranci ba. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana yaye su, a Zariyar nan ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suna cewa a koyi dabarar Turawa amma a zana abin gida.

Maganar tasu ta taɓo wani abu da ke hana mutanenmu da yawa zama a aji, wato hoton mai rai. Na san waɗanda suka janye shiru ranar da aka zo darasin fuska, ba su ƙara dawowa ba. Hukuncin abin ka tambayi malaminka na addini. Wajen malamin zane kuwa, ka gaya masa tun ranar farko abin da ba za ka zana ba, ba zai rasa abin ba ka ba. Ga ganuwa da Dutsen Dala, ga kuka da rimi, ga bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe da rufi, a cikin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ga hasumiyar Agadas, ga adon bangon gidajen da, ga zayyanar allo. Duk darasin haske da inuwa da ke cikin fuska yana cikin tulu.

Sai kuma wanda ba ya taɓa buroshi daga Asabar sai Asabar. Awa biyu a mako ba ta zaunar da hannu. Minti 20 bayan sallar isha'i, ko da fensir ne, sau uku a mako, ya fi. Kuma ba sai ka nemi sabon abu kullum ba. Claude Monet na Faransa ya zana tarin damman hatsi na gonar da ke kusa da gidansa kusan sau 25 tsakanin 1890 da 1891, da safe da yamma, da rani da sanyi. Ka zaɓi albasa biyu da tumatir ɗaya, ka yi su sau goma a ƙananan kwalaye, ka rubuta kwanan wata a bayan kowane, kada ka yaga ko ɗaya. Kada kuma ka yi saurin ɗora su a WhatsApp, yabon dangi daɗi gare shi amma ba ya nuna maka inda inuwa ta kauce.

In ka gama aikin rana, kada ka bar buroshi tsaye a cikin ruwa, bakinsa zai lanƙwashe, sandar ta kumbura ƙarfen ya saki. Ka goge shi da tsumma, ka murza shi a tafin hannu da sabulun wanka har kumfar ta fito fara, musamman can gindin gashin inda akirilik ke maƙalewa, domin in ya bushe a nan buroshin ya tashi aiki. Ka daidaita bakin da yatsa, ka kwantar da shi ya bushe.