Yadda za ka kalli Tokyo Drifter ba tare da ka ɓace a hanya ba

Kafin ka kunna wannan fim da Seijun Suzuki ya shirya wa kamfanin finafinai na Nikkatsu a 1966, ka fara sanin dokar gidan yakuza, wato ƙungiyoyin 'yan daba na Japan. A can shugaba uba ne, ana kiransa oyabun, yaronsa kuma kobun, kuma alkawarin da ke tsakaninsu da shan giyar shinkafa da ake kira sake a ƙoƙo ake ƙulla shi. Labarin kansa gajere ne. Kurata ya rushe ƙungiyarsa yana neman halaliya, yaronsa Tetsu ya bi shi cikin biyayya, abokin gabarsu Otsuka ya hana su sakat, Tetsu ya bar Tokyo ya shiga gararamba, daga bisani ubangidan da kansa ya ci amanar yaron.

Da zarar ka riƙe wannan, sai ka daina wahalar da kanka da neman yadda aka tashi daga wannan ɗaki aka faɗa wancan, domin Suzuki yakan datse hoto a tsakiyar faɗa, ya jefa ka wani gari ba sallama. Ba sakaci ba ne, gajiya ya yi da maimaita labari iri ɗaya da kamfanin ke ɗora masa, shi ya sa ya mai da ƙarfinsa kan abin da ido ke gani.

Launi za ka bi, nan ne aikin yake. Fim ɗin ya buɗe da baƙi da fari, hasken ya yi tsananin da fuskoki ke neman narkewa, ana jibgar Tetsu ya ƙi ramawa saboda alkawarin da ubangidansa ya ɗauka. Da launi ya shigo, sai ka lura da kwat ɗinsa mai ruwan sararin samaniya, wadda ke sa a hango shi daga nesa ko a cikin dusar ƙanƙarar arewacin Japan, a gefen layin dogo, kamar wanda ba shi da abin ɓoyewa. Otsuka kuwa jar kwat yake sawa da baƙin tabarau, ita kuma Chiharu, mawaƙiyar da ke son Tetsu, gidan rawar da take waƙa ruwan ɗorawa ya mamaye shi. Mai tsara dandali, Takeo Kimura, ya kwashe kayan ɗaki har sai da wurin ya koma fili mai 'yan ginshiƙai da fiyano. Ka tsayar da hoton a nan ka ƙidaya abubuwan da suka rage, za ka ga ba su taka kara sun karya ba.

Waƙar ma kada ta ba ka mamaki. Tetsuya Watari, wanda ya fito a matsayin Tetsu, yakan rera ta ko ya yi fitonta yana tunkarar maƙiya, abin da ba zai zama baƙo ga wanda ya taso da finafinan Indiya ba, sai dai a nan ba ta soyayya ba ce, ta gararamba ce.

A ƙarshe ka sa ido kan tufafinsa. Ya dawo Tokyo sanye da farar kwat, duhun zauren gidan rawar ya washe ya zama fari fat, ya cilla bindigarsa sama, ya cafe ta, ya harba. Sannan ya murƙushe kofin gilashi a hannunsa a gaban Kurata, wanda a yaren yakuza yake nufin uba da ɗa sun raba gari.