Yadda na gyara jerin sunayen ɗalibai a ma'ajiyar takardun wata cibiyar zane

Lokacin da aka damƙa mini tsofaffin rajistocin wata cibiyar koyar da zane ta al'ummar Latino, wato masu asali daga ƙasashen Latin Amurka, a gabashin birnin Los Angeles na ƙasar Amurka, na tarar cewa ɗalibi ɗaya yakan bayyana a wurare biyu ko uku, har iyalai masu neman ayyukan 'ya'yansu suna komawa hannu rabbana, abin da ya dame ni ƙwarai.

Da na bi diddigi, sai na gano cewa a al'adar masu jin Sifaniyanci mutum yana ɗaukar sunan dangin uba sannan na uwa, amma wanda ya fara shigar da bayanan a kwamfuta ya jera kowa a ƙarƙashin suna na ƙarshe, wato na uwa. Ƙari ga haka, kwamfutar ta lalata harafin ñ, Peña ya koma Pena, alhali sunaye ne mabambanta.

Na sake adana fayil ɗin da tsarin UTF-8, wato tsarin adana rubutu a kwamfuta da ke karɓar haruffa irin su ñ, na ware wa kowane sunan dangi gurbinsa, sannan na gwada kowane suna da takardar rajista ta asali. Tsohon rubutun kuwa ban goge shi ba, domin da shi wasu suke nema.