Yadda ake bin diddigin ɓacewar Maura Murray ba tare da ɗora wa kowa laifi ba

Fara da jeren lokaci, ka ajiye zato tukuna. Ranar 9 ga Fabrairun 2004 Maura Murray, ɗalibar aikin jinya a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, ta cire dala 280 a na'urar banki ta nufi arewa. Motarta ta kauce daga hanya ta 112 a Haverhill, jihar New Hampshire. Wata maƙwabciya ta kira 'yan sanda wajen ƙarfe 7:27 na dare, kuma rahotonsu ya nuna sun iso 7:46, ba kowa a motar. Mintuna 19 ɗin nan su ne gundarin aikin.

Raba takarda gida biyu: abin da rahoton hukuma ya tabbatar, da abin da shaida ya faɗa daga baya. Ƙwaƙwalwa takan zame bayan shekaru, don haka maganar daren farko ta fi nauyi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne kiran sunan wanda ake zargi. A 2013 masu hasashe a dandalin intanet na Reddit sun liƙa laifin harin bam na gasar gudun fanfalaki ta Boston a kan wani ɗalibin Jami'ar Brown da ya ɓace, alhali ba ruwansa. In ka ga sabon abu, miƙa shi ga sashen hukuma na New Hampshire mai binciken tsofaffin shari'o'in da ba a warware ba.